Wutsiyar Aikatau da Bakin Wuƙa

Kwanana huɗu da fara aiki babban kukun ya jefe ni da kasko. Bai same ni ba. Kaskon ya wuce ta gefen kunnena, ya daki bango, ya faɗo ƙasa yana juyawa. Sai mutumin ya daka mini tsawa da kalma guda: "Muoviti!" Ban san abin da take nufi ba, don haka na tsaya riƙe da kwandon albasa ina kallonsa. Ya tako, ya damƙi ƙeyata, ya tura ni gaba har cikina ya bugi teburin ƙarfe.

A kicin ɗin wani gidan abincin Italiyawa ne, cikin wani otal a Lusail. Kafin in zo Doha ni malamin Hausa ne a wata firamare a Funtuwa. An ce mini gadi zan yi, amma da na sauka sai kafil ɗinmu, wato wanda ya ɗauki nauyin bizarmu, ya ce gadi ya cika, kicin ne ke neman mutum. Haka na koma ferayar dankali da ɓarar tafarnuwa a ƙarƙashin wani gajeren Ba'italiye mai kaurin wuya. Yana jin Turanci, sai dai in ransa ya ɓaci yakan koma harshensa, kuma tun safe ransa a ɓace yake shigowa.

A kicin ɗin mu biyu ne masu jin Hausa. Ɗayan mutumin Kumasi ne, ɗan zango, wanda ya ba ni kusan shekara goma sha biyar. Shi ke gyaran kifi da yankan nama. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Matar Ƙadim, gadonsa a ƙasa, nawa a sama, kuma Yaya nake ce masa. Hausarsa ta zango ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana, amma a nan zan rubuta maganarsa da irin tamu. Ba shi da surutu. Ran da aka jefe ni, muna cikin bas ɗin ma'aikata za mu koma gida, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Cewa ya yi ka motsa."

"Yaya, kana jin yarensa?"

"Shekara biyar na yi a ƙasarsu. Kada ka faɗa wa kowa."

Na tambaye shi dalilin ɓoyewar. Ya ce in mutumin ya san yana ji, to duk zagin da ya yi dole ya amsa, shi kuma bai yarda da kansa ba in ya fara amsawa.

Na roƙe shi ya koya mini, ko don in riƙa kauce wa kasko. Da kalmomin umurni muka fara, tunda su ne ke yawo a kanmu duk yini. Vieni, zo. Vai, tafi. Lava, wanke. Taglia, yanka. Sbrigati, yi sauri. Cikin mako biyu na haddace su, jifan ya ragu. Amma ni na karanta nahawu, kunnena ya soma jin wani abu. Wataran kukun ya ce taglia, wataran tagliate, wataran tagliamo. Na ce wa Yaya kalma ɗaya ce take sake riga. Ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa, guda biyu na gefe babu.

Mu Hausawa abin da ke gaban aikatau muke sauyawa: na yanka, ka yanka, zan yanka, nakan yanka. Su Italiyawa wutsiyar kalmar suke murɗewa. Taglio, ina yankawa. Tagli, kana yankawa. Taglia, yana yankawa. Tagliamo, muna, tagliate, kuna, tagliano, suna. Yaya yakan kwaso tsofaffin takardun odar abinci daga kwandon shara, ya rubuta mini a bayansu, kalmomi shida a jere. Daga Matar Ƙadim zuwa Lusail da safe ina karantawa, shi yana saurare ido a rufe. In na yi kuskure sai ya ranƙwashi gwiwata da ƙashin yatsa. Yana da zafin hannu. Akwai makon da gwiwata ta yi tsami saboda essere, aikatau ɗin kasancewa, wanda ba ya bin kowace doka.

A wata na uku kukun ya ƙona ni. An aike ni ɗakin sanyi in ɗauko kifi, na ɗauko wanda ba shi ba. Na ajiye tiren kusa da murhu. Ya dubi kifin, ya dube ni, bai yi tsawa ba. Ya ɗaga kaskon da ke kan wuta, ya kama hannuna na hagu ya danne a kan tebur, ya ɗora gindin kaskon a dantsena. Bai daɗe ba, wataƙila kamar mutum ya ƙirga uku. Na ji ƙaurin fatata kafin in ji zafin. Da ya ɗaga, fatar ta bi kaskon.

Manajar gidan, ita ma Ba'italiya ce, ta shigo da ta ji ihuna. Kukun ya ɗaga kafaɗa ya ce mata, "Si è bruciato." Na riƙe kalmomin a kaina har aka kai ni asibiti, aka wanke ciwon, aka naɗe. Da na dawo aka miƙo mini takarda da Turanci, wai hatsarin aiki ne, na taɓa kasko da kaina. Inda abin ya faru akwai ginshiƙi tsakaninsa da kyamara. Na tuna matata da 'ya'yana biyu, na tuna kwantiragin shekara biyu, na sa hannu.

Washegari a bas na tambayi Yaya ma'anar kalmomin.

"Ya ƙona kansa," in ji shi. "Wannan ƙaramin si ɗin shi ke mayar da aiki kan mai shi."

"To yaya ake cewa shi ya ƙona ni?"

Ya ce, "Mi ha bruciato." Ya ƙara da cewa, "Ina tsaye ina gani, ƙanina. Wuƙa tana hannuna. Na ajiye ta na shiga ɗakin sanyi na rufe kaina."

Ranar Juma'a ba mu aikin safe. Bayan an sauko daga masallaci mukan zauna a wani ɗan kanti kusa da gida, mu sha shayin karak. A nan ya koya mini shuɗaɗɗen lokaci. Ya ce iri biyu ake amfani da su kullum: na abin da ya faru ya ƙare, da na abin da aka daɗe ana yi. Ya zaɓi picchiare, wato duka.

"Mi hanno picchiato. Sun doke ni. Sau ɗaya ke nan, an gama, kowa ya tafi gida. Mi picchiavano kuwa, sun kasance suna dukana. Jiya, yau, gobe, har ka daina ƙirgawa."

Ya juya baya ya ɗage rigarsa kaɗan, na ga layuka kamar an yi noma. Ya ce waɗannan na Libiya ne, a wani gida da aka tsare su wata biyar kafin su shiga teku. Kowace safiya da tiyon ruwa ake binsu, wani lokaci a tafin ƙafa. A nan ya bar haƙoransa biyu. Da ya tsallaka sai ya faɗa gonakin tumatir a kudancin Italiya, inda shugaban leburori ke yawo da guntun katako. Mutumin yakan bugi wanda ya miƙe daga sunkuye. Shekara uku Yaya yana sunkuye. Wata rana aka bugi wani ɗan Tamale a ido, idon ya tsiyaye. Yaya ya ƙwace katakon, ya yi ta dukan shugaban leburorin har sai da katakon ya rabe biyu, haƙarƙari huɗu da hannu suka karye.

"Shekara biyu na yi a kurkuku. A can wata tsohuwar malamar makaranta take zuwa mana kowace Talata da littafi. Ita ta koya mini wutsiyoyin nan. A gona ba a koyon komai sai umurni."

Daga kurkuku aka sa shi a jirgi zuwa Accra.

Labarin bai sanyaya ni ba, zuga ni ya yi. Ina ɓarar tafarnuwa ina jera picchiare a zuciyata, idona a kan ƙeyar kukun. Ti picchio, ina dukanka. Ti picchierò, zan doke ka. Har lokaci mai zuwa na koya da kaina don wannan. Amma ba a kansa fushin ya sauka ba. Akwai wani dattijo ɗan Nepal mai wankin kwanuka, siriri, mai furfura, wanda ya kusa haihuwata. Wata rana yana ɗauraye tukunya, ruwan zafi ya fallatso mini a kan ciwon da bai gama warkewa ba. Ban san lokacin da na juya na kwaɗa masa mari ba. Ya faɗa kan kantar faranti, leɓensa ya fashe. Ya tashi yana share jini da bayan hannu, yana ba ni haƙuri. Kukun yana can gefe ya gani, ya yi dariya, ya ɗaga mini babban yatsa.

Kwana uku Yaya bai yi mini magana ba. A bas yakan zauna can baya. Rana ta huɗu ya zauna kusa da ni, ya miƙo takarda. Ya ce yau za mu shiga sigar sharaɗi, wadda ake faɗin abin da da zai faru amma bai faru ba. Vorrei, da zan so. Farei, da zan yi. Avrei fatto, da na yi. A ƙasa ya rubuta non avrei dovuto.

"Wannan fa?"

"Bai kamata a ce na yi ba. Ka je ka faɗa wa dattijon nan da duk yaren da zai gane."

Na je na same shi a bakin famfo. Da guntun Turanci da Larabcin kasuwa na ba shi haƙuri. Ya dafa kafaɗata ya ce khalas, wato ya wuce, ya ci gaba da wankinsa. Na fi so ya zage ni.

Sigar sharaɗin nan ta ba ni wahala, ita da 'yar'uwarta ta shakka da fata, wadda suke sawa bayan ina jin, ina tsoron, da a ce. Yaya ya ce Italiyawa da kansu suna kuskure a cikinta. Muka yi kusan wata biyu a kansu. Se potessi, partirei: da ina da hali da na tafi. Wannan jumlar ban sha ranƙwashi a kanta ba ko sau ɗaya.

Abin ya faru ran wata Alhamis, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ana jiran baƙi masu yawa don abincin rana. Tun asuba aka ɗora babbar tukunyar miyar tumatir da nama. Kukun ya ce dattijon ya kama wa wani ɗan Masar su sauke ta. Ƙasan akwai maiƙo. Ƙafar dattijon ta zame, tukunyar ta kife, miyar ta malale har ƙarƙashin murhu. Ɗan Masar ɗin ya yi tsalle ya tsira. Dattijon ya faɗi zaune a gefen miyar, tana cin ƙafarsa.

Kukun ya zo da gudu. Ya shure shi a ciki, ya sake shurinsa a haƙarƙari. Sannan ya sunkuya ya damƙi furfurarsa, ya soma danna fuskarsa ƙasa wajen miyar da ke tururi. Dattijon ya kafa hannuwansa biyu a cikin miyar yana turjewa, ba ya ko kuka. Mu duka muna tsaye. Ni ina riƙe da ludayi, ban motsa ba.

Na ji ƙarar ƙarfe a kan katako. Yaya ne ya ajiye wuƙarsa. Ya goge hannu a rigar kicin, ya zagayo teburin a hankali, ya tsaya a kan kukun.

"Non toccarlo più."

Kada ka ƙara taɓa shi. Kukun ya saki gashin, ya miƙe baki a buɗe. Wata takwas yana zagin uwar mutumin nan a gabansa yana zaton bango yake zagi. Ya yi wata 'yar dariya, ya faɗi kalmar da suke faɗa wa baƙar fata. Yaya bai ɗaga murya ba.

"Dieci anni fa ti avrei ammazzato. Oggi ti dico solo: lascialo."

Da shekara goma da suka wuce ne, da na kashe ka. Yau cewa kawai nake yi ka sake shi. Na ji kowace kalma. Kukun ya ja da baya taku biyu, hannunsa ya lalubo wuƙar yankan nama a kan tebur.

"Io ti ammazzo adesso."

Ni yanzu zan kashe ka. Ya kawo sara ta sama. Yaya ya tare da hannun hagu, ya damƙe bakin wuƙar da tafinsa, na ga jini ya biyo gwiwar hannunsa. Bai saki ba. Ya ja mutumin jikinsa ya kai masa karo da goshi, na ji hancin ya fashe kamar an taka ƙwarya. Wuƙar ta faɗi. Ya ba shi naushi a muƙamuƙi, ya ƙara. Kukun ya zube cikin miyar, Yaya ya bi shi ya durƙusa a ƙirjinsa ya ɗaga hannu zai ci gaba. Sai a nan na motsa. Na ruga na rungume shi ta baya ina cewa, "Yaya, ya isa, Yaya, don Allah." Ya kai mini gwiwar hannu a baki ba tare da ya san ni ne ba, haƙorina ya girgiza. Ɗan Masar ɗin da wasu biyu suka taya ni muka janye shi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da firji, yana kallon tafinsa da ya rabe har ana ganin fari a ciki.

Motar asibiti ta kwashi mutum uku. 'Yan sanda suka ɗauki hoton kyamara, sai dai kyamarar ba ta ɗaukar murya. Abin da ta nuna shi ne kukun yana dukan dattijon, sannan Yaya ya zo ya yi magana, kukun ya ja da baya ya ɗauki wuƙa. An ɗaure wa kukun muƙamuƙi da waya, don haka a rubuce ya ba da bayaninsa. Ya ce Yaya ya ce zai kashe shi nan take, shi ya sa ya kare kansa. Sauran ma'aikatan suka ce sun ji an yi magana amma ba su san yaren ba. Daga asibiti aka wuce da Yaya aka tsare shi.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofishin 'yan sanda. Akwai jami'i ɗaya, da manajar gidan, da tafinta, wani Batunise mai tabarau da ke jin Italiyanci. A hanya na yi ta tunanin in ce Yaya bai ambaci kisa ba sam, cewa kawai ya yi a saki dattijon. Ba wanda zai ƙaryata ni sai kukun. Amma na riga na sa hannu a kan ƙarya sau ɗaya a gidan abincin nan, ban ji daɗin kaina ba tun ranar.

Na faɗi jumlolin uku kamar yadda na ji su. Tafintan ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai kana jin Italiyanci?"

"Kaɗan."

"Ka tabbata avrei ya ce? Ba ti ammazzo ba?"

"Ti ammazzo kukun ne ya faɗa, wuƙa a hannunsa. Yaya kuwa ti avrei ammazzato ya ce, kuma ya sa shekara goma a gabanta."

Ya ce in jera masa aikatau ɗin. Na soma: ammazzo, ammazzi, ammazza. Ya ce lokaci mai zuwa. Na ce ammazzerò, ammazzerai, ammazzerà. Ya ce sharaɗin da ya wuce. Na ce avrei ammazzato, avresti ammazzato, avrebbe ammazzato. Ina tsaye kamar ɗan aji uku, bakina a kumbure, ina jera kisa a gaban ɗan sanda. Tafintan ya juya ya yi wa jami'in dogon bayani da Larabci. Na tsinci law, wato da a ce, na ga jami'in ya gyaɗa kai yana rubutu. Ya tambaye ni ko an taɓa dukan wani kafin ranar. Na naɗe hannun rigata na nuna tabon, na faɗi yadda aka yi. Manajar ta dubi tabon, ta sunkuyar da kai.

Ba zan ce shaidata ce ta warware komai ba. Dattijon ma ya ba da tasa, hoton kyamara kuma yana nan. An janye maganar barazanar kisa, aka bar ta faɗa, kowa ya ji wa kowa rauni. Bayan kwana tara aka sa su suka yi sulhu a rubuce. Otal ɗin ya sallami kukun, ya tafi ƙasarsu ba mu sake ganinsa ba. Yaya ma aka soke bizarsa, aka ba shi mako guda. Ni kuma aka cire ni daga kicin aka mayar da ni gadi a wurin ajiye motoci, inda nake har na gama kwantiragina.

Ni da dattijon muka raka Yaya filin jirgi da rana tsaka. Dattijon yana ɗingishi, hannuwansa biyu a naɗe, amma ya ƙi yarda in ɗauki jakar, da gwiwar hannu ya rataye ta. A bakin layin shiga ya haɗa hannuwansa masu bandeji a goshi ya sunkuya wa Yaya, ya daɗe a haka. Yaya ya rasa yadda zai yi, sai ya rungume shi da hannu ɗaya. Ni kuma ya ce mini in gaida iyali, in riƙe salla, kada in ƙara ɗaga wa na ƙasa da ni hannu.

Jijiyoyin yatsun Yaya uku sun tsinke, ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Muna waya jefi-jefi. Yanzu tsire yake sayarwa a bakin titi a unguwarsu. Da yake hagun ba ya iya danne nama, matarsa ce ke yankawa tun da hantsi, babbar 'yarsa ta soka a tsinke, shi kuma ya zauna gaban wuta yana fifita da juyawa. Karon ƙarshe da muka yi magana ya ce an fara saninsa, masu tasi suna tsayawa, har yana tunanin ƙara teburi na biyu kafin babbar salla.